Dariyata Ta Rufe Darasin Ingilishi a Gidana

Malama Zuliha, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Na ɓata wani abu a gidana da bakina, kuma duk ta inda na ɓullo don in gyara sai in ga na ƙara dagula shi. Kada ki sa sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni ƴar Birni ce a nan Zinder, gidanmu Barebari ne, ina aikin ungozoma a asibitin unguwa. Maigidana, Muntari, Bakano ne, yana sayar da shadda da atamfa a kasuwa. Tun yana saurayi ya zo garin nan, a nan ya yi aure, a nan ya gina gida, amma har yau ba ya jin Faransanci in ban da gaisuwa da ƙirga. Duk takardar da ta zo daga duwan, wato kwastan, ko daga lakwal, makarantar yara, ni ke karanta masa, in nuna masa inda zai sa hannu. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Har tsokanata yake yi, wai ya auri sakatariyar da ba ta zuwa hutu.

Abin da yake da shi shi ne Ingilishi, domin ya gama sakandare a Kano. Tun da ƴarmu ta fari, Husaina, ta shiga kwaleji aka fara koya musu Ingilishi, sai ya ɗauke ta a hannunsa. In ya dawo daga sallar magariba sai su zauna a tsakar gida, ta kawo aikin da aka ba su, su yi, daga nan su zarce da hira. Ko a lokacin hutu ba sa fashi. Yakan ce ta zama mai saye shi kuma mai shago, su yi ta ciniki da Ingilishi, ta taya, ya ƙi, ta yi fushi ta juya, ya kira ta ta dawo. Ni ina gefe ina aikina, rabin abin da suke faɗa ban gane ba, amma ina jin daɗi. Husaina ta zama ta ɗaya a Ingilishi a ajinsu. Kuma ba a takarda kawai ba, bakinta ya buɗe, ba ta jin tsoron magana a gaban kowa. Bana take ajin birebe, jarrabawar gama kwaleji.

Ina da wa, Ya Mala, malamin Ingilishi ne a wata lise, wato babbar sakandare, ya yi jami'a, yana da takardunsa. Shi da maigidana aminai ne tun kafin aurena, fada ɗaya, wato majalisar hira, suke shan shayi. Kin san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Su biyun nan ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Ya Mala ya ce Kanawa bayinmu ne da yunwa ta koro, maigidana ya ce ba don Kanawa ba da har yau da walki Damagarawa za su je Idi. Haka suke, kowa ya saba.

Duk shekara bayan Babbar Sallah ana buga ƙwallo tsakanin Kanawan kasuwa da samarin unguwarmu. Ƙa'idar ita ce, waɗanda aka ci su ne za su dafa shayi su riƙa miƙa wa waɗanda suka ci su, a tsaye, suna shan baƙar magana. An daɗe mu ke ci. Bana Kanawa suka ci. Maigidana ba ya buga wasa, gwiwarsa ta wuce nan, amma shi ne ubansu, shi ke saya musu ƙwallo. Murna ta sa ya aika Kano aka bugo musu riguna, aka rubuta a baya da Ingilishi, We won Damagaram. Ya ce da gangan ya zaɓi Ingilishi, don Damagarawa sai sun nemi tafinta kafin su san an taɓa su.

Ranar shayin suka zo fada sanye da rigunan. Ya Mala yana cikin zuba shayi ya karanta, ya ce to ga tafinta ya iso, kuma tafinta ya ce rubutun ba daidai ba ne, kofi ake yi wa win, mutum kuwa in ka kayar da shi beat ake cewa. Ya ce Kanawa sun ci ƙwallo sun faɗi jarrabawa, kuma Ingilishin Kantin Kwari ba ya tsallake iyaka sai an biya masa duwan. Aka yi ta dariya. Waɗanda suke wurin sun ce maigidana ya fi kowa dariya. Ya ce raga ba ta jin Ingilishi, Malam ya riƙa gyaran rubutu da hannu ɗaya yana zuba shayi da ɗayan, kuma a ƙara sukari. Ya dawo gida yana ba ni labari har da tafi. Da abin ya tsaya nan da ban rubuto miki ba.

Ba a daɗe ba matar Ya Mala, Bintu, ta haihu, aka yi suna a gidan mahaifiyarmu. Da la'asar mata sun cika tsakar gida, labarin rigar ya riga ya zagaya, ƴan'uwana suka sa ni a gaba, wai ga matar farfesa. Ni kuma da ma bakina ba ya zama wuri ɗaya, kuma a raina na ce ai ni ma Badamagariya ce, ina da haƙƙin taɓa Bakano ko da mijina ne. Sai na miƙe. Ban tsaya a kan riga ba, Malama. Na kwaikwayi yadda yake zama in zai koya wa Husaina, yadda yake sauke tabarau kan hanci, yadda yake ɗaga yatsa yana jan kalma. Na ce Allah kaɗai ya san irin Ingilishin da aka ɗura wa ƴata shekarun nan, gara kawunta ya tace mata shi kafin birebe, kada masu gyaran jarrabawa su rasa ta inda za su kama. Mata suka yi ta shewa. Husaina tana wurin, ita ma ta yi dariya har tana riƙe ciki.

Ban san maigidana ya shigo ba. Ya zo da abokansa na kasuwa yi wa mahaifiyata barka, an shigo da su ta ƙofar gefe, suna durƙushe a bakin ɗakinta, zana ce kawai tsakaninmu. Ya ji komai, abokansa sun ji, mahaifiyata ta ji. Mutumin da ba a taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba, ranar kansa yana sunkuye, domin a gaban surukarsa yake. Ya gama gaisuwa, ya yi wa jariri addu'a, ya tashi. Ƙeyarsa kawai na hango lokacin da yake sa takalmi.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, cefane bai ragu ba. Amma washegari da Husaina ta zo da littafinta bayan magariba, cikin taushin murya ya ce ta kai wa kawunta, shi ne mai takardar shaida, kada ya ɓata mata karatu ga shekarar jarrabawa tana tafe. Tun daga ranar bai sake furta kalmar Ingilishi a gidan nan ba. Ko labarun da yake saurare a rediyo ya mayar da su na Hausa. Damina ta zo ta wuce, an koma lakwal, har yanzu haka muke.

Husaina tana zuwa wurin Ya Mala, yana koya mata tsakani da Allah, ƙa'ida bayan ƙa'ida, makinta bai faɗi ba. Amma ta daina magana. In aka ce ta faɗi wani abu sai ta tsaya tana jujjuya shi a zuci, tsoron kuskure take yi. Ta taɓa tambayata ko Baba ya daina son ta ne saboda ta yi dariya ranar suna. Sai na kawar da zancen.

Na ce wa maigidana wasa ne. Ya ce ya sani, ai Damagarawa suna da haƙƙi. Na yi masa dambun da yake so, ya ci ya yi godiya kamar baƙo. Wata rana raina ya ɓaci na ce babba da shi yana fushi a kan kalma ɗaya, kuma ai Ya Mala bai yi ƙarya ba. Wannan ma ina nadamarsa. Mahaifiyata ta ce in ƙyale shi zai huce. Ya Mala kuwa duk ya tsargu, ya daina tsokanarsa a fada, sai girmama shi yake yi kamar wani alƙali. Yanzu ya kawo shawara biyu. Ko ya ɗauki dattawa su je su ba shi haƙuri, ko kuma ya ce masa ya sake bincike ya gano Amurkawa ma haka suke faɗa, rubutun rigar daidai ne. Ya faɗa mini da bakinsa cewa wannan ba gaskiya ba ne, amma in zai kawo zaman lafiya zai faɗa.

Malama, ke kin yi karatu kin ga duniya. Kuskuren nan babba ne har haka a Ingilishi? In bar Ya Mala ya yi ɗaya daga cikin biyun? Ba neman a ba ni gaskiya nake yi ba, na san ba ni da ita. So nake uban nan da ƴarsa su koma zamansu kafin yarinyar ta girma ta bar gidan.

Ƴar Birni mai nadama, Zinder

*

Ƴar'uwa, na karanta wasiƙarki. Bari in fara da tambayar Ingilishin domin ita ce mai sauƙi, mu kawar da ita gefe.

Yayanki bai yi kuskure ba. Kalmar win, wadda take komawa won in abin ya wuce, tana tafiya ne da abin da aka samu ko abin da aka fafata a kai, kamar wasa, kofi, zaɓe ko shari'a. Ita kuwa beat tana tafiya da wanda aka kayar, mutum ne ko ƙungiya. Hausa ba ta raba su, mun ci kofi, mun ci su, duk da kalma ɗaya. Shi ya sa Bahaushe yake zamewa a nan, kuma na sha jin wannan zamiyar a bakin masu manyan digiri. Ki saurari yaran unguwarku in sun taso daga filin ƙwallo, za ki ji da yawansu haka suke yi wa Faransanci, su sa gagner inda battre ya kamata. Wato abin da kuka yi wa Bakano dariya a kai yana nan zaune a cikin Faransancin Damagarawa. Ƙaramin kuskure ne. Mai gyaran jarrabawa zai ja masa layi, amma ba wanda zai kasa gane abin da ake nufi, kuma ba ya rage komai daga abin da mutumin nan ya zuba a bakin ƴarku.

Sai dai ba nan ciwon yake ba, kuma shaidar tana cikin wasiƙarki. An gyara masa a fada, a gaban jama'a, yana sanye da rigar, ya yi dariya ya rama ya dawo gida da farin ciki. Mutumin da kalma ɗaya ke iya kayarwa ba haka yake yi ba.

Wasan Kanawa da Damagarawa yana da sharaɗin da ba a faɗa domin kowa ya san shi: wanda aka taɓa yana da bakin ramawa. In aka cire wannan ba wasa ba ne kuma. A gaban surukarsa maigidanki ba shi da baki. Ba zai ɗaga kai ba, balle ya mayar wa ƴarta magana, ga kuma abokan kasuwarsa a gefensa. Na yarda ba ki san yana wurin ba, kuma wannan ya rage miki laifin niyya. Bai rage abin da ya ji ba. Sa'an nan ki duba abin da kika ɗauka kika yi wasan da shi. Rigar ta jama'a ce, shi ya fito da ita da kansa don a taɓa. Zamansa da ƴarsa bayan magariba kuwa na cikin gida ne, ke kaɗai kike ganinsa, kuma ya yarda kin gani ne domin ke matarsa ce, ba domin ke Badamagariya ce ba. Mutumin da yake miƙa miki kowace takardar Faransanci ki karanta masa, wannan zaman ne wurin da shi ma yake da abin bayarwa ta fuskar karatu. Ba na jin kin taɓa lissafa shi haka, domin bai taɓa nuna miki ba.

Shi ma ba zan wanke shi tas ba. Ke kika yi laifi, Husaina ke biya. Yarinya ta ga manya suna dariya ta yi dariya, wannan bai kai a rufe mata ƙofa ba. Kuma ba tare da ya sani ba yana koya mata darasi mafi muni ga mai koyon harshe, cewa wanda aka kama da kuskure sai ya yi shiru. Ga shi kuwa ta ɗauka, ke da kanki kin ce ta daina magana. Wannan gaskiya ce da ya kamata ta isa kunnensa. Amma ba daga bakinki ba a yanzu, kuma ba a matsayin hujjar da za a kayar da shi da ita ba.

Shawarwarin Malam Mala duka biyu ki ce masa a'a, tare da godiya. Ƙaryar Amurkawa ba za ta kwana ba. Maigidanki yana da waya, yana da abokai, zai duba, kuma ranar da ya gane an lallaɓa shi kamar yaro abin zai fi na ranar suna zafi. Tawagar dattawa kuma za ta mayar da maganar cikin ɗaki ta zama shari'ar dangi, a sa shi ya zauna a gaban mutane ya amsa cewa an ji masa ciwo. Yayanki ma bai yi laifin da zai ba da haƙuri ba. Abin da zai yi ya taimaka shi ne ya koma tsokanarsa a fada yadda suka saba. Girmamawar da yake yi masa yanzu kullum tana tuna masa cewa ana kallonsa a matsayin wanda aka karya.

Aikin naki ne. Ki daina cewa wasa ne, domin duk lokacin da kika faɗa abin da yake ji shi ne, laifinsa ne da bai gane wasa ba. Ki same shi ku biyu, ba yara a kusa, ki kira abin da sunansa. Ki ce kin ɗauki zamansa da ƴarsa kin kai waje an yi dariya, a wurin da ba zai iya kare kansa ba, kin kuma jefa shakka a kan abin da ya koya mata alhali kin san shi ya buɗe mata baki. Kada ki sa "amma" a ciki. Kada ki ambaci rigar, kada ki ambaci wa ke da gaskiya. Kuma kada ki roƙi a koma darasi a wannan zaman, domin in kika haɗa su zai ga haƙurin kuɗin sayen darasi ne. In ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa. In ya faɗi mai ɗaci, ki saurara har ƙarshe.

Bayan haka akwai gyaran da sai a inda aka yi ɓarnar. Wata rana da kuke tare da mahaifiyarki da waɗancan ƴan'uwan, ba taro aka kira ba, ki faɗa a fili cewa kin yi kuskure ranar suna, kuma duk Ingilishin da Husaina take taƙama da shi na ubanta ne. In wata ta sake cewa matar farfesa, kada ki yi dariya. Ba sai kin kai masa rahoto ba. A Birni magana tana sanin hanyar kasuwa da kanta.

Husaina kuma ki ba ta amsar tambayarta yau, kada ki bar ta da ita. Ki ce mata ubanta bai daina son ta ba, ke ce kika ɓata masa rai. In tana son ta ba shi haƙurin dariyarta, ta yi da kalmominta, kada ki tsara mata. Ta ci gaba da zuwa wurin kawunta don ƙa'idojin jarrabawa, wannan ba gasa ba ce, kowannensu da abin da yake ba ta. Abin da ta rasa hira ce, don haka kada ta koma wurin uban da littafi a hannu, littafin ne zai ce a kai wa mai takarda. Ta gaishe shi da Ingilishi da safe. Ta tambaye shi yadda kasuwa ta kasance. In ya amsa da Hausa, gobe ta sake. Uba yana iya daɗewa yana fushi da matarsa, amma da wuya ya daɗe yana barin gaisuwar ƴarsa tana faɗuwa ƙasa.

Ba zan yi miki alkawarin cewa abin zai dawo kafin birebe ba, ko zai dawo yadda yake a da. Mutum yakan yafe amma ya daɗe bai saki jiki ba, kuma ba ki da ikon sa masa rana. In Allah ya kawo ranar da kika ji Ingilishi ya sake tashi a tsakar gidanki, kada ki leƙo, kada ki yi musu barka, kada ki kai labari ko ga mahaifiyarki. Zaman nan nasu ne su biyu, kuma babbar gudummawar da za ki ba shi daga yanzu ita ce ya kasance ba shi da ƴan kallo.

Allah ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya ba Husaina sa'ar jarrabawa, ke kuma ya ba ki haƙurin jira.

Malama Zuliha